Yadda Ake Shirya wa Marasa Matsuguni Fagen Ba da Labarinsu da Bakinsu

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya san irin bidiyon nan. Mota ta tsaya bakin titi da daddare, matashi ya fito da leda a hannu, abokinsa na biye da shi da waya. Su tashi wani dattijo da ke kwance kan kwali a ƙofar shago, a haske masa ido da fitila, a miƙa masa shinkafa, a ce, "Baba, sa mana albarka." Sai a ɗora kiɗa mai ban tausayi a saki. Kafin gari ya waye dubban mutane sun kalla, ana ta yi wa mai ledar addu'a. Dattijon kuwa ba wanda ya ji sunan garinsu, ko sana'ar da ya iya, ko abin da ya raba shi da ɗakinsa. An ci kasuwa da fuskarsa an watse.

Akwai wata hanyar. Ka miƙa wa mutumin wayar ya ɗauki abin da ya ga dama, ya faɗi abin da yake son a ji, a tace a gabansa, in kuɗi ya shigo a ƙirga da shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Aikin ba ya buƙatar ofis. Ƙungiyar matasan unguwa, ko ɗaliban aikin jarida, ko kwamitin masallaci za su iya shi da waya biyu da tabarma. Abin da yake ci shi ne lokaci: ka sa ran wata uku ko fiye kafin a sami abin nuna wa jama'a. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Ka san su wa kake nufi, ka shiga ta ƙofa

"Marasa matsuguni" kalmar rediyo ce. A bakin mutanen kansu abin da za ka ji shi ne "kwanan tasha nake", ko "a shagon maigidana nake kwana", ko "muna kango". Akwai ɗan dako da ɗan ga-ruwa da suka zo ci-rani, suna da gida a ƙauye amma a birni rumfar kasuwa ce ɗakinsu. Akwai matar da aurenta ya mutu, gidan iyaye kuma babu wurin saka ta. Akwai 'yan gudun hijirar da suka rasa inda za su nufa bayan gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021, da waɗanda ruwa ya ci gidajensu lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024. Ga wanda rusau ya ritsa da shi, ga yaron da ya gudo daga gida, ga wanda shaye-shaye ya raba da dangi. Kowa da abin da yake gudu. Ɗan ci-rani ba ya son mutanen garinsu su san a kan benci yake kwana, don a gida kallon ɗan birni ake masa, wataƙila ma an kai kuɗin aurensa. Wanda ya tsero wa 'yan bindiga tsoronsa a gane shi. Saboda haka ka zaɓi rukuni guda a wuri guda.

Kowane wuri da masu shi. Tasha tana da sarkin tasha da shugabannin ƙungiyar direbobi, kasuwa tana da sarkinta, unguwa tana da mai unguwa, 'yan hijira suna da bulamansu. Ka je ka gaishe su ka ce, "Ranka ya daɗe, izini muka zo nema, muna son mu riƙa zama da mutanen da ke kwana nan." Amma kada ka bari shi ya zaɓar maka mutane. Zai kawo maka 'yan gaban goshinsa, sauran kuma su ɗauke ka ɗan kai masa rahoto.

Mako biyu ko uku na farko wayarka ta zauna a aljihu. Ka nemi teburin mai shayin da suke taruwa, ka zama ɗan gida, ka sha shayi, ka yi musun ƙwallo. Mutanen nan sun gaji da masu zuwa da takarda da biro, a rubuta sunaye, a yi alkawari, a ɓace. Tambayar farko da za a yi maka ita ce, "Me za a ba mu?" Ka faɗi gaskiya: ba gida za ka ba su ba, ba kuma aikin gwamnati ba, abinci ne a ranar zama, da kuɗin yini, da koyon ɗaukar hoto da murya. Wasu za su tashi su ba ka wuri. Ka bar su, da waɗanda suka rage za ka yi aiki.

Mataki na 2: Wuri, lokaci, da maganar ciki

Mutum 6 zuwa 8 sun isa. A sami wurin da za a je da ƙafa, mai ƙofar rufewa: ajin Islamiyya bayan an tashi, ko zauren wani dattijo. In wurin yana da banɗaki da ruwan wanka da inda za a sa caji, ka gama rabin aikin jawo mutane. Su za su yanka lokaci, domin ɗan dako ba zai bar kasuwa da hantsi ya zo hira ba. Mata a yi musu zamansu daban, mace ta jagoranta, a kuma sami mai kula da yara.

A ci abinci kafin a fara. In ka ajiye kula a gefe sai an gama magana, ka mai da labari kuɗin tuwo. Haka kuɗin yini: a ba kowa daidai da abin da zai samu da ya fita nema, wanda ya yi magana da wanda ya yi shiru duk ɗaya. Da zarar mutane sun lura mai labarin ban tausayi ya fi samu, kowa zai ƙara wa miyarsa gishiri, kuma ba laifinsu ba ne.

Mataki na 3: Neman yarda, har sau uku

Nan ne yawancin masu kyakkyawar niyya ke tuntuɓe. Mutumin da ka ciyar yanzu, ka ce masa "Baba, ka yarda mu ɗauka?", kunya kaɗai ta isa ta sa ya ce to. Wannan "to" ɗin ba ta da nauyi.

Ka fara da nuna masa yadda intanet take. Buɗe wani bidiyo da ya yaɗu, ka nuna masa yawan waɗanda suka kalla, ka karanta masa abin da mutane suka rubuta a ƙasa, har da masu zagi. Ka gaya masa magana zarar bunu ce: ko kun goge daga shafinku, wanda ya sauke a wayarsa ya riga ya sauke, kuma zai iya isa garinsu cikin kwana ɗaya.

Sannan ka rarraba masa tambayar. Sunansa na gaskiya ko na aro? A ga fuskarsa, ko hannuwansa da bayansa kawai? Muryarsa, ko wani ya karanta a madadinsa? Murya ma tana tona mutum, musamman mai karin harshen wani yanki. A ina ya yarda a ji: cikin 'yan zaman nan kaɗai, ko a tasha, ko a rediyo, ko a intanet? Mutum zai iya yarda da rediyo ya ƙi Facebook, kuma yana da hujjarsa.

Takarda da dangwala yatsa tsorata mutane take, wanda bai iya boko ba kuma bai san abin da ya dangwala wa ba. Gara a naɗi yardar da murya, cikin harshen da ya fi ji, Hausa ko Kanuri ko Fulatanci. Ka ce ya maimaita maka abin da ya fahimta da bakinsa. Za ka sha mamakin yawan waɗanda suka ɗauka gwamna za a kai wa.

Ana tambaya kafin a ɗauka, a sake bayan an tace ya gani, a kuma sake ana gobe za a saki. A kowane mataki yana da ikon cewa ya fasa, ba tare da ya mai da ko kwabo ba. Dokar kare bayanan jama'a da Nijeriya ta kafa a 2023 ma ta ba mutum damar janye yardarsa.

Akwai waɗanda ba a ɗauka ko sun ce a ɗauka: wanda yake cikin maye, da wanda taɓin hankali ya tasar masa a lokacin. Yaro kuma sai da iznin iyayensa ko malaminsa, haɗe da nasa, in ya noƙe a ƙyale shi. Kada a taɓa nuna takamaiman inda mutane ke kwana. An sha hana bara da kwashe masu kwana a titi a biranenmu, hoto ɗaya mai nuna allon shago ko sunan gada ya isa ya sa a tashe su cikin dare. Ka shiga saitin kyamarar wayar ka kashe abin da ke liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi.

Mataki na 4: Zaman labari

Tsarin da aka fi bi ya fito daga wata cibiya a birnin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka, wadda yanzu ake kira StoryCenter. Tun shekarun 1990 suke tara mutane kaɗan su zauna da'ira, kowa ya ba da labarinsa, sauran su taya shi gyarawa, har ya zama ɗan bidiyon minti 2 zuwa 3. Mu da muka tashi da tatsuniya da hirar dandali, zaman ba baƙonmu ba ne.

A kafa sharaɗi tun farko: abin da aka faɗa a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin, ba a katse mai magana, ba a dariyar mutum. Akwai sharaɗi na huɗu, kuma kai jagora ya fi shafa: ban da wa'azi. Mutum na cikin ba da labarin yadda ƙaninsa ya sayar da gidan gado, sai wani ya ce, "Sai haƙuri, haka Allah ya ƙaddara." Gaskiya ce, amma ta rufe bakin mai magana. Ya riga ya san haƙuri, shekara nawa yana yin sa.

Kai za ka fara. Ka ba da wani labarinka na gaske, wanda akwai ɗan abin kunya a ciki, don a ga ba kallo ka zo yi ba.

Kada ka buɗe da "Me ya kawo ka titi?" Tambayar 'yan sanda ce, kuma kowa yana da haddaddiyar amsar da yake ba masu tambaya. Ga irin waɗanda ke buɗe baki: Wace sana'a hannunka ya iya? Wa ya fara yi maka alheri ranar da ka sauka garin nan? Yaya ake samun wurin kwana mai kyau a tasha, wa ke rabawa? Ina kake ajiye kuɗinka in za ka yi barci? Wane abinci ne in ka ji ƙamshinsa sai ka tuna gida? Irin waɗannan suna mai da mutum malami, kai ɗalibi, kuma gaskiyar lamarin ke nan, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani Ba'amurke, Mark Horvath, wanda shi kansa ya taɓa kwanan titi a Holiwud kafin ya kafa ƙungiyar Invisible People mai yaɗa hirarraki da marasa matsuguni a 2008, yakan rufe hirarsa da tambayar mutum buri uku da yake da su. Ka gwada ta, takan fito da abin da awa guda ta hira ba ta fitar ba.

Dabarar da na fi so ita ce ta kaya. A ce kowa ya zo da abu ɗaya da ba ya rabuwa da shi: carbi, tsohon katin makaranta, makullin ɗakin da ruwa ya tafi da shi, gammo, hoton 'ya. Mutumin da ba zai iya cewa "ni" ba, zai iya ba da labarin makulli har ya manta kansa yake bayarwa. A Landan akwai gidan tarihin rashin matsuguni da ke aiki da wannan hanya: mutum ya ba da abinsa da labarinsa, wani daban ya maimaita kalmominsa ga baƙi ba tare da an san mai su ba.

Bayan zama biyu ko uku, a taya kowa ya tsamo abu guda. Rayuwa duka ba ta shiga minti uku, amma dare ɗaya yana shiga. "Na sha wahala a duniya" ba ya zama a zuciyar mai sauraro. "Daren da aka yi ruwan farko na bana, mu bakwai muka kwana a tsaye a rumfar mai nama" yana zama. 'Yan zaman su ne za su ce masa, "Wurin nan da ka ce ka ɓoye takalminka a ƙarƙashin kai, daga nan za ka fara."

In wani ya fashe da kuka, a kashe na'ura, a ba shi ruwa, a yi shiru. Kada ka tona, kai ba likita ba ne. Wanda ka ga abin ya fi ƙarfinsa, ba ya barci, yana firgita, ko yana zancen ya gaji da rayuwa, a raka shi asibiti da yardarsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano. Ka san hanyar wanda ya fi kusa tun kafin ka fara aikin.

Mataki na 5: A miƙa kayan aiki

Kowa ya zaɓi hanyar da ta dace da shi. A ƙasar Hausa ni murya nake sa wa gaba: ba ta buƙatar karatu, ba ta nuna fuska, tana tafiya a WhatsApp da ɗan data kaɗan, ga mutanenmu da son rediyo.

Wajen naɗar murya, a sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse. A riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace. A kashe fanka, a nisanci janareta. Ɗaki mai labule da katifa ya fi aji mai siminti, wanda ke amsa kuwwa. In babu, cikin mota a rufe gilashi. In a waje ne ana iska, a sa wa wayar safa. A naɗi rabin minti a saurara da abin kunne kafin a ci gaba. Su biyu-biyu za su riƙa yi, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, sannan su yi musanya. Kai ka koma gefe. Hirar ɗan dako da ɗan dako daban take da hirarsa da mai takalmi sau-ciki. Daga baya a aike su su naɗo sautin wurin: kiran 'yan kamasho, ƙarar baro, kiran sallar asuba daga nesa. Da shi ake yi wa labarin shimfiɗa.

Hoto kuma yana da tsohuwar hanya. A farkon shekarun 1990 wasu masu bincike biyu, Caroline Wang da Mary Ann Burris, suka raba wa matan karkara kyamarori a lardin Yunan na ƙasar Sin, su ɗauki rayuwarsu da kansu, sannan a zauna a tattauna hotunan. A Landan wata ƙungiya mai suna Café Art ta yi shekaru tana raba kyamarori 100 na amfani sau ɗaya ga mutanen da suka ɗanɗani rashin matsuguni, su zaga gari na 'yan kwanaki, a zaɓi hotuna a buga kalanda. Kai tsofaffin wayoyi biyu ko uku sun ishe ka, a riƙa karɓa-karɓa. Darasin yini ɗaya ya wadatar: a goge gilashin kyamara da gefen riga, rana ta kasance a bayan mai ɗauka, a matsa kusa da ƙafa maimakon jawo hoto da yatsa, a ɗauka da sassafe ko la'asar sakaliya. A ba su jigo mai sauƙi, kamar "abin da nake gani in na farka" ko "wanda nake dogara da shi". Su ma sharaɗin yarda ya hau kansu: ba a ɗaukar mai barci, ba a ɗaukar wanda bai sani ba, a kuma nisanci shingen jami'an tsaro.

Maganar wayar da za ta ɓace: wata za ta ɓace. Mai kwana a fili ana yi masa sata, wani kuma yunwa za ta sa ya sayar. Ka sa wannan cikin lissafi tun farko, kada ka ba da wayar da za ka yi kuka a kanta, kuma kada ka mai da zaman kotu. A bar 'yan zaman su tsara yadda za a riƙa ajiya, misali a wurin mai shayi kowane dare.

In an dawo da hotuna, a wanke a kan takarda, don riƙe hoto a hannu daban yake da leƙa shi a waya. Kowa ya zaɓi uku ya faɗi me ke ciki, me ya sa abin yake haka, me za a iya yi a kai. Abin da ya faɗa shi za a rubuta a ƙasan hoton, da kalmominsa, ba a mai da shi Hausar jarida.

Masu son wasan kwaikwayo su ma suna da tafarki. Augusto Boal na Burazil ya fito da salon da ake yin ɗan gajeren wasa ya ƙare da matsala, sannan a maimaita, duk ɗan kallon da ya ga mafita ya ce a tsaya, ya shigo ya karɓi matsayin ya gwada. Ƙungiyar Cardboard Citizens ta Landan, wadda Adrian Jackson ya kafa a 1991, da wannan salo ta yi suna, 'yan wasanta kuma mutanen da suka yi kwanan titi ne. Mu ma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun shekarun 1970 take fita da ɗalibai Samaru da ƙauyuka ana wasa da jama'a kan matsalolinsu. Alherin wasa shi ne labarin mutum biyar yana narkewa ya zama na mutum ɗaya ƙirƙirarre, ba wanda za a nuna da yatsa. A Kano, a 2011, almajirai 9 tare da wata mai bincike, Hannah Hoechner, da tallafin cibiyar al'adun Jamus ta Goethe, suka shirya fim ɗin Duniya Juyi Juyi, su suka tsara labarin, su suka fito a ciki. Almajiri yana da malami da makaranta, ba a sa shi sahu ɗaya da mai kwanan tasha, amma aikin ya nuna yaran da ake yi wa kallon masu kwano kawai za su iya riƙe fim tun daga tushe. In abin naku ya kai fim ɗin da za a fitar kasuwa a Kano, ku tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai tukuna.

Mataki na 6: Tacewa, mai labari na zaune

Wanda ke riƙe da almakashi shi ne mai labari na gaskiya, don haka kada ka kwashi kayan ka tafi gida. Manhajar Audacity kyauta ce a kwamfuta don tace murya, manhajar CapCut ta tace bidiyo kuma tana aiki a waya. Ku zauna kafaɗa da kafaɗa, kana yankewa yana cewa bari ko cire. Za ka so ka bar wurin da muryarsa ta karye don ka san shi zai ja mutane; shi kuma wataƙila wurin da ya ba da dariya yake so. Nasa za a bi. Ban da kiɗan tausayi, ban da rage gudun hoto a kan hawaye.

Wuri ɗaya ne za ka tsaya kai da fata: in ya ambaci sunan wani ya zarge shi da laifi, tsohon maigida ko ɗan'uwa ko jami'i, a cire sunan. Ka bayyana masa dalili: kai za ka koma gidanka ka rufe ƙofa, shi kuwa a fili yake kwana.

Mataki na 7: Nunawa

'Yan zaman su fara gani, su kaɗai. Bayan nan a kai abin inda suke zaune: a ɗaura farin zane a bangon tasha bayan isha'i a haska majigi, ko a ja igiya a rataye hotuna. Masu labarin su ne masu masaukin baƙi, su yi maraba, su riƙe lasifika. A gayyaci mai unguwa da limami da kansila da shugabannin kasuwa.

Kafin ranar, 'yan zaman su tsai da buƙata ɗaya tak wadda mutanen da aka gayyata za su iya biya. "A magance talauci" kowa zai gyaɗa kai ya tafi. Amma a bar banɗakin tasha a buɗe da dare, ko a ba da ɗaki guda na ajiyar kaya, ko a daina karɓar kuɗin kwana a rumfa, wannan sarkin tasha zai iya amsawa a take a gaban jama'a, kuma alkawari kaya ne. A naɗi amsar tasa.

Sai rediyo. Ku nemi mai shirya wani shiri na al'amuran jama'a a tashar garinku, ku kai masa muryoyin a tace, da sharaɗin ba zai ƙara ko ya rage ba. Intanet ita ce ta ƙarshe, ga waɗanda suka yarda da ita sau uku kaɗai. A sa mutum guda ya riƙa bin abin da ake rubutawa a ƙasa yana goge zagi da duk wanda ya ce "na san shi, ɗan gidan wane ne".

Mataki na 8: Kuɗi

A 1991 John Bird, wanda ya yi kwanan titi da zaman kaso a ƙuruciyarsa, da Gordon Roddick suka fara mujallar The Big Issue a Landan, bayan Roddick ya ga irinta a Niyok. Tsarinta mai sauƙi ne: mai sayarwa ya saya a rabin farashi, ya sayar a cikakke, ribar tasa ce. Yau akwai irin waɗannan jaridu a ƙasashe fiye da 30. Mujalla za ta yi wuyar sayuwa a titunanmu, amma kalanda tana shiga shago da ɗaki, kuma ɗan kasuwa zai iya biyan kuɗin bugawa a sa sunan shagonsa a ƙasa. Wanda ya ƙware a hoto kuma a haɗa shi da mai ɗaukar hoton biki ya zama yaronsa.

A yanke rabon tun kuɗi bai zo ba: kaso nawa na mai hoto, nawa na mai sayarwa, nawa na asusun zama. A sami littafi guda, a riƙa karanta shi da ƙarfi a kowane zama, ma'aji kuma ya fito daga cikinsu.

Abin da ya fi rusa irin wannan tafiya shi ne labarin mutum ɗaya ya yaɗu, jama'a su ce a ba su lambar asusu. Kada kuɗin ya bi ta asusunka ko da na awa ɗaya ne. Zargi zai biyo baya ko kai waliyyi ne. A taimaka wa mutumin ya yi rajistar NIN ya buɗe nasa, wanda shi ma wani ci gaba ne, don da yawansu ba su da wata takardar shaida. A kuma tattauna tun da wuri ko wanda ya samu zai saka wani abu a asusun zama, don kada a wayi gari ɗaya ya kama ɗaki, bakwai na hararar sa.

Mataki na 9: Ajiya da zagaye na biyu

Kowa a ba shi aikinsa a katin memori da hotunansa a wanke cikin leda mai kauri saboda damina. Ku ajiye kwafi a wuri biyu, tare da muryar yardar kowa da jerin abin da ya amince da wanda ya hana. Ku ba su lambar waya guda da ba za ta canja ba, wadda mutum zai kira ko bayan shekara biyu ya ce a sauke nasa, misali in zai yi aure ko ya sami aiki, a kuma sauke a ranar.

A zagaye na biyu, mutum biyu daga 'yan zaman farko su jagoranci sababbi, a biya su kuɗin koyarwa. Su za su je gaida sarkin tasha, su za su yi bayanin yarda, su za su nuna yadda ake riƙe waya. Kai aikinka ya koma kawo abinci, cajin wayoyi, da duba littafin kuɗi in sun neme ka.